Tunda na'ura tana gane yatsa da fuska, me ya sa har yanzu sai da katin zaɓe?

Malam Habu, Azare:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar zaɓe daga ciki, musamman waɗanda suka taɓa aiki a rumfa da kuma masana doka.

Tun daga zaɓen 2015 hukumar zaɓe ta INEC take nanata cewa wanda ba shi da katin dindindin ba zai jefa ƙuri'a ba. A wancan lokacin dalilin a fili yake, domin na'urar da aka kawo a zamanin Farfesa Attahiru Jega katin take karantawa, kuma bayanan mai zaɓe a jikin katin suke, saboda haka idan babu shi babu abin da za ta gwada yatsan mutum da shi. Amma na'urar BVAS da aka yi zaɓen 2023 da ita, kamar yadda aka bayyana mana, tana ɗauke da sunaye da hotuna da zanen yatsun duk waɗanda suka yi rajista a rumfar. To idan mutum ya zo da yatsansa da fuskarsa, kuma sunansa yana cikin rajista, wane aiki katin yake yi wanda na'urar ba ta riga ta yi ba?

Alƙaluman hukumar da kanta ne suka sa tambayar ta dame ni. Kafin zaɓen 2023 mutum miliyan 93.4 ne suke cikin rajista, miliyan 87.2 suka karɓi kati, wato sama da mutum miliyan 6 sun rasa damar zaɓe tun kafin ranar ta zo. Wannan lissafi bai haɗa da waɗanda suka karɓa daga baya katin ya ɓata ba, kuma duk wanda ya san abin da ambaliya take yi wa garuruwan Zaki da Gamawa da Jama'are ya san cewa ran da ruwa ya ci ɗaki ba katin zaɓe ake fara nema ba. Na ji cewa a watan Disambar 2024 Farfesa Mahmood Yakubu, a matsayinsa na shugaban hukumar a lokacin, ya ce ya kamata a sake duba batun tilasta katin, a bar mutum ya yi zaɓe da takardar shaida da aka buga daga kwamfuta. Shin hakan zai buɗe ƙofar maguɗi ne, ko kuwa zai mayar wa mutane haƙƙinsu? Kuma me zai hana a karɓi lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, tunda an tilasta mana haɗa ta da layukan wayarmu tun ƙarshen 2020?

Malam Sulaiman, Misau:

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Na yi aikin mataimakin jami'in rumfa a zaɓen 2023, kuma ni ne na riƙe na'urar, saboda haka zan faɗi abin da hannuna ya taɓa.

Abin da aka gaya maka gaskiya ne. Kowace BVAS rajistar rumfa ɗaya tak aka zuba mata, daga cikin rumfuna 176,846 da ke faɗin ƙasar a lokacin. Idan mai zaɓe ya miƙo kati, ana haska lambar da ke jikinsa, ko a rubuta lambobi shida na ƙarshen lambar rajistarsa, ko a nemo shi da sunan mahaifi, sai hotonsa ya fito. Daga nan sai ya ɗora yatsa. Idan yatsan bai shiga ba sai a ɗauki hoton fuska. Idan duka biyun suka ƙi, ba za a ba shi takardar ƙuri'a ba, ko da katinsa sabo ne fil kuma kowa a unguwar ya san shi. Wanda ya wuce sai a yi masa alama a rajistar takarda, a shafa masa tawada a gindin farce, a ba shi ƙuri'ar da aka buga wa hatimi aka sa wa hannu a baya. Ka ga kenan katin ba shi yake tantance mutum ba, yana dai nuna mana inda za mu same shi a cikin na'ura.

Amma kada a raina wannan aikin, domin a ƙasarmu sunaye suna maimaituwa fiye da kima. Idan na rubuta Abubakar ko Muhammad ko Usman a rumfar da ke da mutum ɗari bakwai, jeri ne mai tsawo zai fito, a cikinsa akwai A'isha Usman huɗu ko biyar, kuma da yawa daga cikin hotunan tun rajistar 2011 aka ɗauke su. Da kati, nemo mutum ba ya wuce ɗan lokaci kaɗan. Ba tare da shi ba sai an yi ta tambaya ana gungura allo, alhali ƙarfe 8:30 na safe ake buɗe rumfa, ƙarfe 2:30 na rana a rufe layi, kuma mata masu goyo ba za su iya tsayuwar yini guda a rana ba. Jinkiri ma yana hana mutane zaɓe, sai dai babu wanda yake ƙirga waɗanda suka gaji suka koma gida.

Inda na fi shan aiki shi ne wajen dattawa. Tsohuwar da ta shekara hamsin tana surfe da daka, ko manomin da fartanya ta cinye masa tafin hannu, zanen yatsansu ya shafe. Mukan goge gilashin da ƙyalle, mu ce ta murza yatsan a goshi ya ɗan samu maiƙo, mu gwada babban yatsa, mu gwada manuni, sannan mu koma fuska. Fuskar kuma tana son haske daidai, don haka sai mu jawo tsohuwa daga cikin inuwar bishiya, mu roƙe ta ta ɗan ja mayafi baya, wani lokaci ɗanta ya tsaya yana kare mata rana da tabarma. Mafi yawansu ta fuska suka wuce. Ra'ayina shi ne a bar katin ga mai shi, wanda ya rasa nasa kuma a ba shi wata shaida mai ɗauke da lambarsa da lambar rumfarsa, domin lambar muke buƙata, ba robar ba.

Barista Ibrahim, Bauchi:

Malam Habu, amsar tambayarka ta farko tana cikin doka. Sashe na 47 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022, ya ce mai niyyar zaɓe zai gabatar da kansa tare da katin zaɓensa ga jami'in rumfa domin a tantance shi. Muddin wannan jimla tana cikin dokar zaɓe, shugaban hukumar zaɓe ba shi da ikon cire sharaɗin da sanarwa, sai Majalisar Tarayya ta gyara dokar. Shi ya sa maganar Disambar 2024 shawara ce aka miƙa. Akwai kuma hujja mai ƙarfi a ɓangarenka, domin sashe na 77 na kundin tsarin mulki ya ba duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 haƙƙin a yi masa rajista, kuma bai ambaci kati ba. A watan Maris na 2023 ma wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin a bar wasu mutum biyu su yi zaɓe da takardar rajista ta wucin gadi, amma hukuncin su biyun kaɗai ya shafa.

Dalilin da ya sa nake son a yi gyaran a cikin doka ɓaro-ɓaro shi ne abin da ya faru bayan 2015. Na'urar wancan lokacin ta sha ƙin karanta yatsa, har ta ba Shugaba Goodluck Jonathan kansa wahala a rumfarsa ta Otuoke, saboda haka aka bar ƙofa: wanda na'ura ta ƙi sai a cika masa wata takarda ya yi zaɓe. Wannan takarda ita ce ta zama hanyar aringizo a wurare da dama. Da aka je Kotun Ƙoli a shari'ar gwamnan Ribas tsakanin Nyesom Wike da Dakuku Peterside a 2016, kotun ta ce na'urar ba ta maye gurbin rajistar takarda ba, tunda ƙa'idar hukuma ce ta kawo ta, ba Dokar Zaɓe ba. Dokar 2022 ce ta toshe wannan giɓi. Ta wajabta tantancewa da na'ura, ta ce idan na'urar ta lalace ba a kawo wata ba a soke zaɓen rumfar, sannan sashe na 51 ya ce ana auna aringizo da adadin waɗanda aka tantance, maimakon adadin masu rajista kamar da. Wannan sauyi na ƙarshe ya fi duk wani kati muhimmanci, domin a da rumfar da ke da mutum 800 a rajista za a iya rubuta mata ƙuri'a 790 ko da mutum 200 ne suka fito. A shari'ar gwamnan Osun da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Mayun 2023, an ƙara fayyace cewa mai zargin aringizo sai ya kawo na'urorin da kansu da rajistar rumfa a matsayin shaida.

Sai dai akwai wurin da katin yake aiki a bayan fage wanda jama'a ba su cika lura da shi ba. Ƙa'idar hukumar ta 2022 ta ce idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta wuce adadin waɗanda suka karɓi kati a rumfunan da aka soke ba, zaɓe bai kammalu ba. Idan aka daina tilasta katin, dole a koma auna tazarar da dukan masu rajista, a cikinsu har da mamatan da ba a cire ba, kuma hakan zai ƙara yawan zaɓukan da ake cewa ba su kammalu ba. Wanda zai gyara sashe na 47 ya wajaba ya yi tunanin wannan tun kafin ya ɗaga alƙalami.

Game da NIN, ba na goyon bayan ta zama ita kaɗai ce shaida. Hukumar NIMC tana ba jarirai lambar, tana kuma ba baƙin da ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida, don haka mallakarta ba ta tabbatar da cewa mutum ɗan ƙasa ne da ya isa zaɓe, kuma ba ta nuna rumfarsa. Amfaninta yana wajen tsabtace rajista: a gwada shekarun da mutum ya faɗa a nan da waɗanda ya faɗa a can. Ka tuna cewa a 2022 hukumar zaɓe ta soke rajista kusan miliyan 2.78 daga cikin sababbi miliyan 12.29, akasari saboda maimaici, kuma duk da haka da aka baje rajistar a watan Nuwamba na shekarar mutane sun ga hotunan yara a ciki. Yaron da ya shiga rajista yana da kati na gaskiya da yatsa na gaskiya, kuma BVAS za ta karɓe shi ba tare da gardama ba.

Hajiya Talatu, Dass:

Assalamu alaikum. Malam Sulaiman da Barista sun yi bayani mai gamsarwa, amma ina so a dubi lamarin ta ɓangaren mata, domin ina cikin masu shiga gida-gida suna wayar da kan mata a lokacin rajista.

A ƙauyukanmu katin zaɓe ya zama haja. Idan zaɓe ya ƙarato sai a turo wata mace da littafi ta ce ana rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafin jari ko taki ko atamfa, sharaɗin kawai kowa ta kawo katinta. Wata a kwafe lambar a mayar mata, wata a ce ta bar shi sai an kammala tantancewa, kuma daga nan ba za ta sake ganinsa ba sai bayan an rantsar da gwamnati. Masu karɓar sun san sarai cewa ba za su iya jefa ƙuri'a da katin wata ba, tunda na'ura ba za ta yarda ba. Manufarsu ita ce su rage ƙuri'un unguwar da suka san ba tasu ba ce. Dokar 2022 ta haramta saye da sayar da kati da riƙe na wani ba bisa ƙa'ida ba, da tarar da za ta iya kai naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyu, amma matar da aka karɓe wa kati ba za ta kai ƙarar mai unguwarsu ko ƙanin mijinta ba. Akwai kuma gidajen da maigida yake tattara katunan matansa da na 'ya'yansa ya kulle a akwati, ranar zaɓe ya fito da su idan ya ga dama. Ran da aka ce mace za ta iya zaɓe da yatsanta ko fuskarta, wannan ciniki ya mutu, kuma saboda wannan dalili kaɗai ina goyon bayan a sassauta.

Abin da ba na so shi ne a ce kowa ya sauko da takardarsa daga intanet. Matar da nake magana a kanta ba ta da babbar waya, wata ma ba ta da ƙarama, kuma shagon buga takarda sai ta shiga mota zuwa cikin gari. Wanda zai buga mata shi ne ɗan siyasar da ya saba karɓe katin, sai ya riƙe takardun a jakarsa ya raba wa waɗanda ya amince da su a bakin rumfa. Idan za a yi, hukumar da kanta ta kai takardun kowace mazaɓa, kamar yadda ta sauko da rabon kati zuwa mazaɓu a watan Janairun 2023, wanda na ga yadda ya taimaki matan da ba za a bar su su tafi hedikwatar ƙaramar hukuma ba. Ina kuma roƙon a tabbatar akwai mace a cikin ma'aikatan kowace rumfa, saboda mai niƙabi za ta ɗage shi a gaban 'yar'uwarta ba tare da damuwa ba, amma na ga waɗanda suka fasa zaɓe da aka ce su buɗe fuska a gaban layin maza. Mu kuma mukan gargaɗi mata su haƙura da ƙunshi a yatsu idan zaɓe ya rage mako biyu, don kada lalle ya ba su matsala.

Alhaji Garba, Toro:

Ni tun zaɓen 1979 nake jefa ƙuri'a, na ga zamanin da ake bin layi a bayan hoton ɗan takara, na ga zaɓen 2007 wanda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da ya ci shi ya amsa da bakinsa cewa akwai kurakurai a cikinsa. Saboda haka ina jin tsoron duk wata magana ta sassauci. An ce rigakafi ya fi magani. Katin abu ne da wakilin jam'iyya yake gani da idonsa daga inda yake zaune, amma abin da ke kan allon na'ura mai riƙe da ita ne kaɗai yake gani. Idan aka cire katin, sai a ba wakilai damar tsayawa kusa su ga hoton da ya fito, in ba haka ba an ɗora amanar rumfa gaba ɗaya a kan yaro ɗaya mai yi wa ƙasa hidima, wanda 'yan sara-suka za su iya tsoratarwa.

Sannan ku tuna cewa rikicin zaɓen gwamna na 2019 a jihar nan ta Bauchi bai taso daga tantance masu zaɓe ba. A wajen tattara sakamakon Tafawa Ɓalewa aka samu matsala, kuma kwamitin da hukumar ta turo ya gano cewa ƙuri'un da aka soke a rumfuna huɗu na Ningi 2,533 ne, amma aka rubuta 25,330. Sifili ɗaya ke nan. A 2023 ma ƙorafin da ya fi yawa shi ne rashin ɗora sakamakon shugaban ƙasa a kan lokaci a IReV, shafin intanet da hukumar take nuna sakamakon rumfuna. Ina ganin ƙarfin da muke sawa a kan kati, rabinsa ya kamata ya tafi kan takardar sakamako ta EC8A da hanyar da take bi daga rumfa zuwa mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma.

Malam Habu, Azare:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Baba Alhaji lafiya. Maganar a bar wakilai su ga allon na'ura ta shige ni, kuma ina ganin za ta iya tafiya tare da abin da Hajiya ta nema. Saura tambaya ɗaya: kafin a cire sharaɗin katin, wanda katinsa ya ɓata ko ruwa ya lalata, me ya kamata ya yi idan an buɗe rajista, kamar yadda aka sake buɗe ta a watan Agustan 2025? Da yawa a unguwarmu suna shirin zuwa su yi sabuwa.

Barista Ibrahim, Bauchi:

Don Allah ka hana su, Malam Habu. Wanda ya taɓa rajista tun daga 2011 sunansa yana nan, kuma sashe na 12 na Dokar 2022 ya mayar da yin ta sau biyu laifi, da tarar da za ta iya kai naira 100,000 ko ɗaurin shekara guda ko duka biyun. Ko ba a gurfanar da shi ba, na'urar gwada yatsu za ta kama maimaicin a soke sabuwar, ya yi ta jiran katin da ba za a buga ba. Abin da zai yi shi ne ya je ofishin hukumar na ƙaramar hukumarsa da kansa, ya ce sauyin kati yake nema, ya bayyana yadda na farkon ya ɓata, idan kuma lalacewa ya yi ya tafi da ragowarsa. Wanda ya bar garin da ya yi rajista, kamar ɗan Gamawa da ya dawo Azare da zama, sauyin rumfa zai nema. Dokar 2022 ta ce a nemi sauyin kati aƙalla kwana 90 kafin ranar zaɓe, kuma ba a karɓar wa wani, saboda haka kowa ya adana 'yar takardar da za a ba shi, da ita zai je karɓa idan an buga.